Diyyar haɗarin mota a Najeriya

Diyyar haɗarin mota ita ce dukiyar da ake biyan wanda ya ji rauni, ko wanda aka yi wa ɓarnar dukiya, ko magadan wanda ya rasu sakamakon haɗarin abin hawa. A arewacin Najeriya hukunce-hukuncenta sun samo asali ne daga tushe biyu, wato fiƙihun Malikiyya da kuma dokar inshora wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka.

Diyya a fiƙihu

Malamai suna sanya mutuwar da ta auku a haɗari cikin babin kisan kuskure, matuƙar direba bai yi da gangan ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta biyan diyya ga iyalan mamaci, sai fa idan sun yafe, tare da kaffara, wadda a wannan zamani ta tsaya a kan azumin wata biyu a jere. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Da yake ana ƙiyasta dinari ɗaya da giram 4.25, adadinta a naira yana hawa da sauka ne da farashin zinare.

Littattafan fiƙihu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid sun fayyace diyyar gaɓoɓi dalla-dalla: rasa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya ne, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori kuwa raƙuma 5. Ba a ɗora nauyin a kan mai kuskuren shi kaɗai, domin danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne ke haɗa kuɗin cikin shekara uku. A mazhabar Malikiyya, abin da bai kai sulusin diyya ba shi ne mutum ke biya daga dukiyarsa.

Dokar inshora

An kafa dokar da ta tilasta wa masu ababen hawa yin inshora don kare sauran masu amfani da hanya a 1945, ta kuma fara aiki a wajajen 1950. Wannan inshora ba ta gyara motar mai ita, wanda aka buge ko aka yi wa ɓarna kaɗai take biya. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke sa ido a kan kamfanonin inshora, dokar inshora ta 2003 kuma ta ƙayyade cewa kariyar da inshorar za ta bayar kan ɓarnar dukiya kada ta gaza naira miliyan ɗaya. An daɗe ana biyan naira 5,000 a shekara kuɗin inshorar motar gida, har zuwa 1 ga Janairu, 2023, lokacin da kuɗin ya koma naira 15,000, iyakar biyan ɓarna kuma ta kai naira miliyan uku. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken takardar inshorar, a Agustan shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora.

Neman biya

Kamfanin inshora yakan buƙaci rahoton 'yan sanda, hotunan ɓarna, takardun asibiti da ƙiyasin kuɗin gyara. Takardun inshora na jabu da ake saye a bakin ofisoshin lasisi sun daɗe suna hana mutane haƙƙinsu, shi ya sa ƙungiyar kamfanonin inshora ta buɗe rumbun bayanai inda ake tantance takarda da lambar mota. Duk da haka, ƙananan haɗura da dama a wurin sulhu suke ƙarewa, inda shugabannin tasha ko dattawan unguwa kan sa direba ya ɗauki kuɗin magani da na bakanike, idan kuwa an yi asarar rai, iyalan mamaci sau da yawa sukan yafe.

Saɓani

Malamai sun saɓa kan halaccin inshorar zamani da kuma ko kamfani zai iya tsayawa a madadin aƙila. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, tsarin inshorar Musulunci.