Wai mene ne asalin ma'anar "Godfather" da ake ta faɗa?

Da zarar zaɓe ya matso sai ka ji ana ta cewa wane ne godfather ɗin wane, wane ya yi wa godfather ɗinsa butulci, har gidajen rediyo suka yi wa abin suna "siyasar ubangida". To amma fa kalmar nan asalinta ba ruwanta da siyasa, daga coci ta fito. A wajen Kiristoci, musamman 'yan Katolika, idan za a yi wa jariri baftisma akan samo wani amintacce ya tsaya masa, ya yi alkawari a gaban limamin coci cewa zai sa ido kan tarbiyyar yaron da addininsa. Wannan mutumin shi ne godfather, Italiyawa su ce padrino. Mu ba mu da irinsa sak, mafi kusa dai ka ce aminin uba wanda aka ɗora wa amanar ɗa, kuma a kudancin Italiya wannan alaƙar tana da nauyi kamar ta jini.

Abin da ya juya kalmar ta koma nufin babban mutum mai juya al'amura ta bayan fage shi ne littafin da Mario Puzo ya fitar a 1969, sai kuma fim ɗin da Francis Ford Coppola ya yi da shi a 1972, The Godfather. Fim ne mai kusan awa uku, yau ya haura shekara 50 amma har yanzu yaran da ko iyayensu ba a haifa ba lokacin suna saka hoton Marlon Brando, jarumin da ya fito a matsayin godfather ɗin, a sitatus.

Ni a ganina duk ma'anar kalmar tana cikin sin ɗin farko. Shekarar 1945 ce a Niyok, ana bikin 'yar Vito Corleone, shugaban wani babban gidan 'yan daba wanda shi ne godfather ɗin, a waje rana tar ana ta kiɗa da rawa, shi kuma yana zaune cikin ofis mai duhu da kyanwa a cinyarsa yana shafa ta (kyanwar ma ba ta cikin labarin, darakta ne ya tsince ta tana yawo a situdiyo ya miƙa wa Brando). Sai ga wani mai sana'ar shirya gawa ya shigo, wasu samari sun yi wa 'yarsa dukan kawo wuƙa, ya bi doka ya kai kotu, alƙali ya sake su suka fita suna masa murmushi. Ya zo da niyyar ya biya kuɗi a rama masa, Vito ya ƙi karɓar ko sisi, abin da ya ɓata masa rai shi ne mutumin bai taɓa neman abotarsa ba sai yau da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sai da ya rusuna ya sumbaci hannunsa ya kira shi godfather sannan aka ce an gama, amma wata rana za a neme ka. Ka ga kenan, ba ciniki aka yi ba balle a ce an biya an rabu, alheri aka yi maka wanda ya zama igiya a wuyanka, kuma ba kai ke da ikon cewa yau na gama biya ba.

Shi ya sa kalmar ta zauna daram a siyasar Najeriya. Wanda ya tuna rikicin jigon siyasa Lamidi Adedibu da yaronsa na siyasa gwamna Rashidi Ladoja a jihar Oyo, wanda ya kai ga tsige Ladoja a Janairun 2006 kafin kotu ta maido shi, ya san yadda ake ƙarewa idan yaro ya ce shi ma ya girma. Sai dai "ubangida" tamu ta fi faɗi, mai shagon da ya koya maka ɗinki ma ubangidanka ne kuma ba wani abin tsoro a ciki, ita kuwa godfather tun bayan fim ɗin take ɗauke da ƙanshin barazana.

Wani abin mamaki, kalmar mafiya, wato sunan irin waɗannan ƙungiyoyin 'yan daba masu asali da Italiya, ba a furta ta ko sau ɗaya a fim na farko, wata ƙungiyar Italiyawan Amurka da Joe Colombo ke jagoranta ce ta matsa aka cire. Sai 'yan fim ɗin suka riƙa cewa iyali, iyali, kuma wallahi hakan ya ƙara masa ƙarfi don sai ka manta 'yan daba kake kallo, ka ga uba ne da 'ya'yansa: Sonny mai zafin kai, Fredo rago, sai auta a maza Michael wanda Al Pacino ya fito, tsohon soja ɗan boko da ya nesanta kansa da harkar gidan, uban ma burinsa ya gan shi sanata ko gwamna. Duk gidan da aka taɓa rigimar wa zai gaji maigida sun san waɗannan ukun. Indiyawa ma sun ɗauka, masu kallon Amitabh Bachchan za su tuna fim ɗin Sarkar na 2005.

The Godfather ya ci kyautar Oscar uku har da na gwarzon fim, Brando ya ƙi karɓar nasa saboda yadda Hollywood ke wulaƙanta 'yan asalin Amurka, kashi na biyu na fim ɗin ya fito 1974 shi ma ya ci, na uku 1990 wanda ni dai ban cika komawa kansa ba.

Inda ma'anonin biyu suka haɗu kuwa shi ne wajen ƙarshe, kuma nan ne tsigar jikina ke tashi duk sanda na maimaita. Michael, wanda ya gaji uban bayan rasuwarsa, na tsaye a coci ya zama godfather na gaskiya ga jaririn ƙanwarsa Connie, limami na tambayarsa ko ya yi tir da shaiɗan da ayyukansa yana amsa e, a daidai wannan lokacin yaransa na bin shugabannin sauran gidajen 'yan daba ɗaya bayan ɗaya suna harbewa, ana yanko mana coci ana yanko mana jini. Bai tsaya nan ba, mijin Connie ɗin, uban jaririn da ya tsaya wa, shi ma ya sa aka shaƙe shi a mota. Matarsa Kay ta tambaye shi ko da gaske ne ya kalli idonta ya ce a'a, ta fita haɗo musu abin sha, tana waigowa ta ga mutane na sumbatar hannun mijinta suna kiransa Don Corleone, sai ɗaya daga cikinsu ya tako a hankali ya rufe ƙofar.