Taimakon farko ga wanda firgici ko rashi ya taɓa: tambayoyi da amsoshi

Damuwa ma tana da taimakon farko, kamar karaya ko ƙuna?

Tana da shi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da ya tsaya kan abu uku: ka duba halin da mutum yake ciki, ka saurare shi, sannan ka haɗa shi da inda zai samu taimako. Limami, fasto, ungozoma, mai unguwa, malamar Islamiyya, duk za su iya koyon wannan cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai horon ba ya mai da mutum likita, ba ya ba shi izinin ba da magani.

Me ya sa Kaduna ke buƙatarsa?

Wanda ya zauna a jihar nan ya san amsar. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, harin bom ta sama a ƙauyen Tudun Biri a Disamba 2023, sace ɗaliban Kuriga a Maris 2024. Waɗanda suka tsira ana yi musu barka da arziki, a watse. Da dare kuwa, yaron da ya dawo daga daji ya koma fitsarin kwance, in ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado. Uwarsa ce ke gani, ba likita ba, don haka ita ya kamata a fara koya wa.

To me zan ce wa wanda abin ya taɓa?

Kaɗan. Zauna kusa, ka ajiye wayarka. Kada ka matsa masa sai ya ba ka labarin abin da ya gani. In ya so zai faɗa. "Baba, ka samu barci jiya?" ko "Inna, me kika ci tun safe?" sun fi "ka manta kawai" amfani nesa ba kusa ba. In ya yi kuka, bar shi ya yi. Abin da ya gaya maka kuma amana ne, kada ya kai majalisa.

Ai muna da zaman makoki. Bai isa ba?

Gata ne babba, ina alfahari da shi. Amma bayan kwana uku a naɗe tabarmi, bayan arba'in ƙafa ta ɗauke. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, ga marayu, ga kuɗin haya. A nan ne ake buƙatar maƙwabciyar da za ta riƙa leƙowa, ko da kwanon tuwo ne a hannunta.

Addu'a fa?

A yi ta, a haɗa da neman magani. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne ɗaure mara lafiya da mari ko dukansa.

Yaushe za a tafi asibiti?

In yana maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya daina ci da barci, ko firgicin ya wuce wata guda bai lafa ba. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta cusa masa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba, igiya da wuƙa, a raka shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a garin Kaduna ko asibiti mafi kusa a ranar.