Gicciye Babu Ƙusa: Yadda Ake Karanta Alamun Addini a Zanen Salvador Dalí

Su waye 'yan Suriyalizim, ƙungiyar da Dalí, mai zane ɗan Sifaniya, ya shiga, me kuma ya haɗa su da addini?

Marubuta ne da masu zane da suka taru a Faris bayan Yaƙin Duniya na Farko, jagoransu André Breton ya fitar da takardar manufarsu a 1924. Sun jingina da tunanin Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, suna ganin abin da ke ɓoye a zuciyar mutum a mafarki yake fitowa. Yawancinsu ba sa ga maciji da coci, amma a gidajen Katolika suka tashi, don haka gicciye da mala'iku da hoton Nana Maryamu ba su bar idonsu ba.

Ke nan duk alamar addini a zanensu izgili ce?

A farkon tafiyar, sau da yawa haka ne. A 1926 Bajamushe Max Ernst ya zana Maryamu ta kifa jariri Yesu a cinya tana dukansa, da'irar hasken da ake zana wa tsarkaka a ka ta faɗo ƙasa daga kan jaririn. Wannan faɗuwar ita ce saƙon, kuma ta fusata mutane. Dalí ma a 1929 ya zana surar Yesu, ya rubuta a kai cewa wani lokaci yakan tofa wa hoton mahaifiyarsa yawu don nishaɗi. Ta rasu tun 1921. Mahaifinsa ya kore shi daga gida. Shi ya sa abin da za ka fara dubawa shi ne shekarar zane.

To me ya juya Dalí zuwa addini daga baya?

Shi da bakinsa ya ce bam ɗin Hiroshima na 1945 ya girgiza shi. Ya koma Sifaniya daga Amurka a 1948, a 1949 ya kai wa Fafaroma Pius na 12 zanensa na Maryamu da jariri, a 1951 ya shelanta sabon salon da ke haɗa sufancin Kirista da ilimin nukiliya. A zanen wannan lokaci za ka ga abubuwa na shawagi ba sa taɓa juna, kamar yadda ƙwayoyin zarra suke.

Wane zane ya fi dacewa a koyi karatun da shi?

Zanen Yesu a kan gicciye na 1951, wanda ya samo daga ɗan zanen da Yohanna na Gicciye, malamin zuhudu ɗan Sifaniya na ƙarni na 16, ya yi. Gicciyewa akidar Kirista ce, Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, don haka da ma'aunin coci ake auna zanen. A al'adar coci, daga ƙasa ake kallon gicciye, ana ganin ƙusoshi da jini da rawanin ƙaya da raunin mashi. Dalí ya cire su duka. Fuskar ma ba a gani, kan a sunkuye yake, mai kallo kuma daga sama yake leƙowa, matsayin da ba na ɗan Adam ba. Jikin na ƙaƙƙarfan saurayi ne, domin wani ɗan wasan kasada na Hollywood, Russell Saunders, aka rataye, Dalí ya kwaikwayi jikinsa. Hannuwa da jiki sun ba da siffar alwatika, wadda ake fassarawa da Triniti, wato akidar Kirista ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A can ƙasa kuwa ga ruwa kwance da kwale-kwale da masunta. Gaɓar Port Lligat ce a Sifaniya, inda gidan Dalí yake, kuma masunta na tuna wa Kirista almajiran farko. A ganina abin da aka cire ya fi abin da aka zana magana: an kawar da azaba, an bar ɗaukaka.

Akwai ƙamus na waɗannan alamu?

Rabi da rabi. Wasu na coci ne tun da daɗewa. Ƙwan da ke rataye da zare a kan Maryamu a zanen 1949 aro ne daga Piero della Francesca, mai zanen Italiya na ƙarni na 15. Wasu kuwa na Dalí ne shi kaɗai, kamar tururuwa da ke nuna ruɓewa. Wanda ya nemi ma'anarta a littattafan coci zai sha wahalar banza.

Imani ne, ko neman kasuwa?

Nan masana suka rabu. Breton, da suka ɓata, ya yi masa laƙabi da mayen dala. Fuskar matarsa Gala Dalí ya sa wa Maryamu, abin da masu suka ke kafa hujja da shi. Masu kare shi kuma na nuni da cewa a 1958 sun sake ɗaura aure a coci. Ni dai ina ganin duka biyun sun zauna a mutum ɗaya. Jama'a ma ba su daidaita ba. Da birnin Glasgow na Scotland ya sayi zanen gicciyen kan fam 8,200 a 1952, ɗaliban makarantar zane sun yi ƙorafin an yi asarar kuɗi. A 1961 wani mutum ya far wa zanen da dutse ya yage shi. An gyara, yana gidan tarihi na Kelvingrove a Glasgow, kuma kuɗin da aka samu daga sayar da kwafinsa tuni ya ninka abin da aka biya.