Yaushe ɗan Adam ya fara yaƙi, kuma da wane suna mutanen dā suka kira shi?

Ba Ƙabila ne ya fara ba, ranar da ya kashe Habila?

Abin da ya faru tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu biyu, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, kisan kai ne: mutum ɗaya ya tasam ma ɗan'uwansa saboda hassada. Yaƙi kuwa sai jama'a ta yi gangami, ta shirya, ta ɗauki makami a kan wata jama'a. Wanda aka kashe a yaƙi ba lallai ne a san ko sunansa ba, laifinsa kawai shi ne ɗan wancan ɓangaren ne.

To ina aka sami shaida mafi tsufa?

A Afirka. Akwai wata tsohuwar maƙabarta a arewacin Sudan, kusa da Wadi Halfa a gaɓar Kogin Nilu, ana ce mata Jebel Sahaba. An tone ta a shekarun 1960, lokacin da ake rige-rigen ceto kayan tarihi kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye yankin. Shekarun ƙasusuwan sun haura 13,000. Da aka sake duba su da kayan aikin zamani, aka fitar da sakamako a 2021, sai aka ga cikin mutum 61, 41 suna ɗauke da rauni, galibi na kibiya ko mashi mai kan dutse, maza da mata da yara babu wanda aka ƙyale.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne mutum 16 da ke da tsohon rauni wanda ya warke, ga kuma sabo wanda bai warke ba. Ke nan an harbe su sun rayu, an dawo an sake harbinsu. Ba gwabzawar yini ɗaya ba ce, zama ne na hari da ramuwa, yau a kai muku, gobe ku kai.

Sai kuma Nataruk, kusa da Tafkin Turkana a Kenya, inda aka sami ragowar aƙalla mutum 27 na kimanin shekara 10,000 da suka wuce, wasu an farfasa musu kai. Cikinsu har da mace mai tsohon ciki, wadda yanayin kwanciyarta ya nuna kamar an ɗaure mata hannu. Waɗannan mutane mafarauta ne da masunta, ba su da gona, ba su da sarki.

Ke nan yaƙi a jininmu yake?

Nan masana suka rabu. Masu cewa e suna kafa hujja da birai nau'in cimfanzi na gandun dajin Gombe (ta Tanzaniya, ba tamu ba), inda Jane Goodall da abokan aikinta suka ga garke guda ya dare biyu, ɗaya ya riƙa bin mazan ɗayan yana kashewa ɗaya bayan ɗaya daga 1974 zuwa 1978. Masu cewa a'a suna nuna cewa kafin zamanin Jebel Sahaba da wuya ake ganin alamar kisan taro a ƙasusuwa, sai bayan mutane sun zauna wuri ɗaya alamun suka yawaita.

Ni dai ina ganin iya kisa daban, kafa yaƙi ya zama sana'a daban. Mai yawo da kwari da baka, in rigima ta yi zafi, yana iya tattara komatsansa ya ƙara gaba. Mai rumbu cike da hatsi da garken shanu ba ya iya gudu, kuma yana da abin da za a zo ɗauka. A Talheim ta ƙasar Jamus an tono rami guda da gawa 34 na manoman farko, na kimanin shekara 7,000 da suka wuce, kusan rabinsu yara. Da yawansu ta ƙeya aka sare su, da gizagon dutse irin wanda manoman yankin suke aiki da shi.

Wane yaƙi ne aka fara rubuta labarinsa?

Wanda muke da cikakken bayaninsa mafi tsufa shi ne na biranen Lagash da Umma, a kudancin Iraƙi ta yau, wajen shekara 2450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kan me? Iyakar wani fili mai albarka da ake kira Gu'edena, da ruwan da ake ba shi. Rigimar gona ce, ta kuma ci zuriya bayan zuriya. Sarkin Lagash, Eannatum, ya sa an sassaƙa nasararsa a jikin dutse: mayaƙa sahu-sahu da garkuwa da masu suna taka gawawwaki, ungulaye suna tashi da kawunan mutane. Gutsattsarin dutsen suna gidan tarihi na Louvre a Faris.

Me tsofaffin kalmomin yaƙi suke nufi a asalinsu?

Kusan duk wadda aka bi saiwarta, ba a tarar da jarumta ko ɗaukaka. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, waƙoƙin Rigveda na sama da shekara 3,000 suna kiran fafatawa *gavishti*, wato neman shanu. Duk wanda ya san abin da satar shanu ta jawo a Zamfara da Katsina ba sai an yi masa dogon sharhi ba.

Kalmar Turanci *war* da ta Faransanci *guerre* da *guerra* ta Sifaniyanci da Italiyanci duk uwarsu ɗaya, tsohuwar kalmar Jamusawa *werra*, mai nufin ruɗani da hargitsi. Rumawa suna da tasu, *bellum*, amma harsunan da suka fito daga Latin suka watsar da ita suka ari ta maƙwabta. Wasu masana na ganin *bellum* ta yi kama da *bellus*, kyakkyawa, shi ya sa. *Krieg* ta Jamusancin yau kuwa da can taurin kai da nacewa take nufi.

A Ibrananci yaƙi *milhama* ne, baƙaƙensa uku, l-h-m, su ne na *lehem*, gurasa. A Larabci ma *malhama*, ƙazamar gwabzawa, gida ɗaya take da *lahm*, nama. Sinawa kuma harafinsu na *wu*, wato sha'anin soja, haɗin hoton mashi ne da tafin ƙafa. Malamansu na baya sun fassara shi da tsayar da mashi, fassara mai daɗin ji, amma a mafi tsufan rubutu ƙafar tafiya take yi: mutum ne ya saɓa makami ya nufi wani.

Hausa fa, tana da abin cewa a nan?

Bahaushe ya bambanta hari da farmaki da samame da kwanton ɓauna, ya ware yaƙi ga abin da sarki ya yi wa shela aka buga tambari, Madawaki ya fita da dawaki. Amma kalmar da ta fi nisan tafiya ita ce basasa. Masana suna danganta ta da Yaƙin Basus na Larabawan jahiliyya, tsakanin Bakr da Taglib, ƙabilu biyu 'yan'uwan juna. Kulaib, shugaban Taglib, ya harbi wata taguwa da ta shiga makiyayarsa, mai ita yana ƙarƙashin kariyar wata mata mai suna Basus. Ɗan 'yar'uwarta Jassas, na ƙabilar Bakr, ya kashe Kulaib, aka shekara 40 ana zubar da jini, in ji masu riwaya. Da rikicin sarauta ya ɓarke a Kano a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, jikokin Dabo a kowane ɓangare, har Alu Babba na ɓangaren Yusufawa ya karɓe birnin a 1894, aka kashe Tukur a 1895, sunan da aka sa wa abin ke nan: Yaƙin Basasa.