Rigakafin gobarar daji a Bauchi da Gombe

Rigakafin gobarar daji shi ne tanadin aiki da na kuɗi da al'umma ke yi don kada wuta ta ci gonaki, wuraren kiwo da rumbuna. A Bauchi da Gombe haɗarin yana farawa daga Nuwamba, ya tsananta da iskar hunturu har zuwa Maris. Galibi mutum ne ke tayar da wutar: mai farautar gafiya, mai ɗiban zuma, manomi mai sharar gona, ko makiyayi mai neman sabon toho.

Babban aikin shi ne hanyar tare wuta. Ana share fili mai faɗin mita 5 zuwa 10 kewaye da rumbuna, tarin harawa da sabon dashen itatuwa, a kankare ciyawa da fartanya har a ga ƙasa. Ɓangaren arewa maso gabas ake fi faɗaɗawa, don ta nan iskar ke kaɗowa, musamman inda gamba ta yi tsawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar ciyawar da aka sare a kan hanyar. Da ta bushe, ta kanta wuta za ta tsallaka.

Akwai kuma ƙunar farko, wadda ake yi tun ciyawa na da sauran ɗanyantaka, da sanyin yamma, yanki-yanki, don rage abin da wutar rani za ta ci. Wannan ta fi dacewa da manyan dazuka irin Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Kusa da gonar dawar da ba a girbe ba, ganganci ne.

Dokar 2011 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, ta hana ƙona daji ba da izini ba, amma a ƙauye maganar dagaci, ardo da shugaban mafarauta ta fi tasiri, shi ya sa ake sa su cikin kwamitin rigakafin gobara.

Ana iya neman kuɗi daga asusun kula da muhalli na tarayya, ko shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a arewacin Najeriya, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021. Bukatun dai ƙanana ne: adduna, manjagara, famfon goyo, man babur na masu sintiri da abincin 'yan gayya. Matsalar ita ce lokaci. Kuɗin da bai fito a Oktoba ba, sai ya ƙare a kayan agaji bayan rumbu ya ƙone, don haka wasu garuruwan ke fara karo-karo tun kaka.