Jimmy Carter: Sojan Ruwa, Manomin Gyaɗa, Ɗan Aikin Sa Kai

James Earl Carter Jr., wanda aka fi sani da Jimmy Carter (1 ga Oktoba 1924 – 29 ga Disamba 2024), tsohon hafsan sojan ruwa ne na Amurka, manomin gyaɗa, kuma shugaban ƙasar na 39 daga 1977 zuwa 1981. Shi ne tsohon shugaban Amurka na farko da ya cika shekara 100 a duniya. Shekara 4 kacal ya yi a kan mulki, amma ya shafe fiye da shekara 40 bayan saukarsa yana aikin sa kai, kuma da wannan aikin ne mutane da yawa suka fi tuna shi.

Tasowa da aikin soja

An haife shi a Plains, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Jojiya. Mahaifinsa manomi ne kuma ɗan kasuwa. Mahaifiyarsa Lillian ma'aikaciyar jinya ce, wadda ita ma tana da shekara 68 ta tafi Indiya aikin sa kai. Ya shiga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis, ya kammala a 1946, kuma a shekarar ce ya auri Rosalynn Smith, 'yar garinsu. Ya fara aiki a manyan jiragen yaƙi, daga baya ya koma jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin teku.

A 1952 aka ɗauke shi cikin shirin ƙera jiragen ƙarƙashin teku masu amfani da makamashin nukiliya, wanda Hyman Rickover ke jagoranta, mutumin da aka sani da tsanani. Carter ya sha ba da labarin ganawarsu ta farko. Rickover ya tambaye shi ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa a makaranta, shi kuwa ya amsa da gaskiya cewa ba kullum ba. Sai Rickover ya ce masa, me ya hana? Carter ya ce wannan tambaya ba ta taɓa barin zuciyarsa ba.

A Disambar 1952 injin nukiliya na cibiyar bincike ta Chalk River a Kanada ya yi hatsari, aka tura Carter da tawagarsa su taimaka wajen kwance shi. Saboda ƙarfin tururin guba, daƙiƙa 90 kawai aka yarda mutum ya yi a ciki. Sai suka gina kwatankwacin injin a wani fili kusa da wurin, kowa ya yi ta maimaita abin da zai kwance har ya zauna masa a hannu, sannan ya shiga a guje ya yi nasa ya fito.

Mahaifinsa ya rasu a 1953. Carter ya ajiye aikin soja yana da muƙamin laftanar, ya koma gida ya riƙe gona da rumbun gyaɗa, duk da matarsa ba ta so komawar ba. Shekarar farko a gidajen da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi haya suka zauna.

Siyasa

Ya zama ɗan majalisar dattawan jihar Jojiya a 1963, gwamna a 1971, sannan shugaban ƙasa. A zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar Camp David tsakanin Masar da Isra'ila a 1978, kuma a shekarar ya ziyarci Legas lokacin mulkin Janar Olusegun Obasanjo. Tsadar kaya da garkuwar da aka yi da Amurkawa a Iran har kwana 444 sun kassara gwamnatinsa, Ronald Reagan ya kayar da shi a zaɓen 1980.

Guduma da ƙusa

Bayan ya sauka daga mulki, maimakon ya zauna a babban birni, sai ya koma gidan da ya gina a Plains tun 1961. A 1984 ya shiga motar bas tare da matarsa da wasu 'yan sa kai zuwa New York, suka gyara wani tsohon bene mai hawa 6 don iyalai marasa muhalli, a ƙarƙashin ƙungiyar Habitat for Humanity. Tsarin ƙungiyar shi ne mai gida ya sa guminsa a ginin, sannan ya biya kuɗin a hankali. Daga nan abin ya zama na kowace shekara, har suka sa hannu a gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14. Ba zuwan ɗaukar hoto yake yi ba, domin gwanin kafinta ne na gaske. A Oktobar 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, amma bai fasa zuwa aikin ginin gidaje a birnin Nashville ba. An gan shi a wurin aiki da bandeji da ido a kumbure, yana riƙe da kayan aiki.

A cocin Maranatha da ke garinsu ya daɗe yana koyar da darasin ranar Lahadi, kuma shi ya sassaƙa akusan katako da ake karɓar baiko a ciki.

Yaƙi da kurkunu

A 1982 ya kafa Cibiyar Carter a Atlanta, wadda ta sa ido kan zaɓuɓɓuka fiye da 100, har da na Najeriya a 1999. Sai dai babu aikinta da ya kai yaƙi da kurkunu taɓa rayuwar talakan karkara. Cutar tana shiga jiki ne ta shan ruwan kududdufi ko tafki mai ɗauke da ƙananan ƙwari. Bayan kimanin shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya take ɓullowa, galibi a ƙafa, da raɗaɗi kamar wuta. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. A tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan har makonni. Sau da yawa takan kwantar da manomi daidai lokacin aikin gona, gida ya kwana da yunwa.

Lokacin da cibiyar ta fara wannan aiki a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa a shekara a ƙasashe 21. Binciken farko a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya gano fiye da mutum 650,000. Dabarun ba masu tsada ba ne: tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyar burtsatse, hana mai ciwo tsoma ƙafa a ruwan sha, da horar da 'yan sa kai a kowane ƙauye. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana jan hankalin sarakuna da gwamnoni. An ga mai cutar na ƙarshe a Najeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita, Ghana ta biyo baya a 2015. A 2023 mutum 14 kawai aka samu a duk duniya, mafi yawansu a Chadi.

Ƙarshen rayuwa

An ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2002, kuma a 2005 rundunar sojan ruwa ta ƙaddamar da wani jirgin ƙarƙashin teku mai suna USS Jimmy Carter. A 2015 aka gano yana da ciwon daji da ya kai hanta da ƙwaƙwalwa. A lokacin ne ya ce burinsa shi ne kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya samu sauƙi ya koma bakin aiki. Rosalynn ta rasu a Nuwambar 2023 bayan shekara 77 da aurensu. Shi kuma ya rasu a gidansa na Plains, aka yi masa jana'izar ƙasa a Washington ranar 9 ga Janairu 2025, sannan aka mayar da shi gida aka binne shi kusa da matarsa.