Biyan kuɗin ɓarna a gidan haya a Ingila

A Ingila mai gida ba shi da ikon yanka wa ɗan haya kuɗin ɓarna yadda ya ga dama. Doka ta raba lalacewa kashi biyu. Akwai wadda zama da tsufa ke kawowa, kamar dusashewar fenti ko kafet da ya sha taku, wannan nauyin mai gida ce. Akwai kuma ta ganganci ko sakaci, irin su ƙunar dutsen guga a kafet, fasa gilashin taga ko toshe magudanar ruwa da maiƙo. Ita ce ake ɗora wa ɗan haya, har da abin da 'ya'yansa ko baƙinsa suka ɓata.

Yawanci daga kuɗin ajiya ake cirewa, wato kuɗin da ɗan haya ke bayarwa a farkon haya a matsayin jingina. Tun Afrilun 2007, bisa dokar gidaje ta 2004, dole mai gida ya sanya wannan kuɗi ƙarƙashin ɗaya daga cikin tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su: Deposit Protection Service, MyDeposits ko Tenancy Deposit Scheme. Wa'adin yanzu kwana 30 ne daga ranar da ya karɓa. Idan ya saɓa, kotu na iya sa shi biyan ɗan haya diyyar da ta kai ninki uku na kuɗin. Wata doka ta 2019 ta taƙaita ajiyar ga kuɗin hayar mako biyar, ko shida idan hayar shekara ta kai fam 50,000.

Idan ɓarnar ta auku ana tsakiyar haya, mai gida kan ba da sanarwar awa 24 kafin ya shiga dubawa, ya kawo mai gyara ya kimanta, sannan ya nemi ɗan haya ya biya ko ya gyara da kansa. Ajiyar dai ba a taɓa ta sai ƙarshen haya. Idan kuɗin gyara ya zarce ta, sauran sai ta kotu.

Wajen lissafi ne masu gidaje suka fi yin kuskure, domin ba a yarda tsohon kaya ya zama sabo da kuɗin ɗan haya ba. A ce an sayi kafet fam 600, ana sa ran zai yi shekara 10, sai aka ƙona shi bayan shekara 7. Shekara 3 ce ta rage masa, don haka abin da ya dace a nema fam 180 ne. In kuwa tabon ƙarami ne da wanki zai fitar, kuɗin wankin kaɗai za a bayar. Wannan adalci ne, tunda ko ba a ƙona shi ba kafet ɗin ya kusa canji.

Idan suka kasa daidaitawa, tsarin da ke kula da ajiyar yana da mai sasantawa kyauta. Kuɗin na ɗan haya ne har sai mai gida ya kawo hujja: takardar lissafin kaya da yanayinsu ta ranar shiga, wata ta ranar fita, hotuna masu kwanan wata, da rasit ko ƙiyasin mai gyara. Mai gidan da bai rubuta yanayin ɗaki ranar shiga ba da wuya ya yi nasara, ko da ɓarnar a fili take. Baƙin fumfunar bango kan yi wuyar hukunci, domin sai an gano ko yoyon rufi ne ya kawo ta ko shanya tufafi a ɗaki ba a buɗe taga. Da zarar an amince kan adadi, ana mayar da ragowar kuɗin cikin kwana 10.